Tiyar Da Aka Tono A Oklo

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp daga Dogondutsi zuwa Tibiri, wai masana sun gano dokokin duniya suna sauyawa, shi ya sa damina ta rikice kuma kwanaki suke gudu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne cakuɗa damina da wannan zance. Ruwan sama yana sauyawa saboda ɗumamar yanayi da sare itatuwa. Tambayar masana daban ce: lambobin da aka gina halitta a kansu, irin su saurin haske da ƙarfin jan ƙasa, yadda suke yau haka suke tun farko?

Tambayar ba ta banza ba ce. A 1937 Paul Dirac na Ingila ya yi hasashen ƙarfin jan ƙasa yana raguwa. A 1999 John Webb da abokansa, bayan nazarin hasken da ya taso daga nesa ƙwarai, sun ce lambar nan alfa, mai auna ƙarfin riƙon lantarki a cikin ƙwayar zarra, kusan 1 bisa 137, ta ɗan fi ƙanƙanta a da. Har yau sauran masu bincike ba su tabbatar da hakan ba.

Idan wani ya ce tiyar gero ta kasuwar Dogondutsi ta ragu tun zamanin kaka, gardama ba ta raba ku. Sai an samo tsohuwar tiya an gwada. Tsohuwar tiyar masana tana Oklo, ƙasar Gabon, kuma ta uraniyom ce, ma'adinin da motocin Arlit suka yi shekaru suna ratsa Dogondutsi da shi zuwa Kwatano. A 1972 wasu ma'aikata a Faransa suka auna uraniyom ɗin Oklo, suka sami nau'in 235 kashi 0.717 cikin ɗari maimakon 0.720 da aka saba samu. Wannan ɗan giɓi ya tona asiri: kimanin shekaru biliyan 2 da suka wuce, dutsen ya kunna wutar nukiliya da kansa a ƙarƙashin ƙasa. A 1976 Alexander Shlyakhter ya lura cewa sinadarin samariyom 149 da ke cikin tokar ba ya haɗiye nutiron sosai sai a kan wani takamaiman ƙarfi wanda ya dogara ga alfa, kuma da alfa ta gusa ko kaɗan, ragowarsa ba za ta zama yadda aka same ta ba. Aka auna. Idan ma alfa ta gusa, bai kai kashi 1 cikin miliyan ba.

Ƙofar bincike ba a rufe take ba, agogunan zarra na ci gaba da gwaji. Amma yana da ciwo a ce ɗalibin yankin Dogondutsi ya san ƙarar waɗancan motoci, bai taɓa jin sunan Oklo a aji ba, kuma hukumomin ilimi sun bar shi da alli da allo, babu ɗakin gwaji.