Masu Kaɗin Zaren Khadi a Indiya

A garin Ponduru da ke gundumar Srikakulam, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, har gobe akwai matan da ke fara aikin auduga da ƙashin kifi. Busasshen muƙamuƙin wani kifin kogi ne mai jerin ƙananan haƙora, da shi mace take taje audugar tun tana manne da anguryarta, har datti ya kakkaɓe, sili ya miƙe. Daga nan ta gurza ta da sandar ƙarfe a kan ɗan katako, ta yi shiɓa da baka, ta nannaɗe ta sutu-sutu, sannan ta zauna gaban carka, wato keken kaɗi na itace. Hannun dama na juya ƙafar keken, igiya na wulwula mazari, hagu kuma na jan sutu baya sannu a hankali. In hannu ya yi garaje zare ya tsinke, in ya yi sanyi ya fito kamar abawa. Zaren da aka kaɗa da hannu, masaƙi ya saƙa shi da hannu, shi ne ake kira khadi.

Akwai lokacin da yadin Indiya ya cika kasuwannin duniya, har majalisar Ingila ta yi dokoki a 1700 da 1721 don kare masaƙanta daga gare shi. Da injinan yankin Lancashire na Ingila suka tashi, sai reshe ya juye da mujiya: a kwashi auduga daga Indiya, a dawo da ita yadi mai araha. Masu kaɗi ne suka fara jin jiki, don hannu ba ya tsere da inji.

Sana'ar ta yi dogon suma, har Mahatma Gandhi ya faɗa da kansa cewa ko da ya dawo daga Afirka ta Kudu a 1915 bai taɓa ganin carka da idonsa ba. Mabiyansa a Ahmedabad sun koyi saƙa, amma zaren masana'anta suke saye. Wata mata da mijinta ya rasu, Gangabehn Majmudar, ita ta shiga ƙauyuka da cigiya har ta samo carka a Vijapur, an jefar da su cikin tarkacen gidaje. Matan garin suka ce za su koma kaɗi in za a kawo musu sutu, a kuma sayi zaren. Ba su tambayi zancen 'yanci ba, cinikin suka tambaya, kuma ni a ganina sun fi kowa fahimtar lamarin.

Ƙaurace wa kayan Ingila ba sabon abu ba ne, an yi shi tun 1905 da aka raba Bengal. Abin da Gandhi ya ƙara shi ne ya ba kowane gida aikin yi. Bayan kisan gillar da aka yi a garin Amritsar a 1919, jam'iyyar Congress ta shiga gwagwarmayar ƙin ba Turawa haɗin kai a 1920. A ƙarshen Yulin 1921 aka tara tufafin waje a Bombay aka cinna musu wuta, a watan Satumba kuma, a Madurai, Gandhi ya ajiye riga da hula ya koma ɗaura ɗan gyauton khadi. A 1924 har aka ce kuɗin zama ɗan jam'iyya shi ne zare yadi 2,000 duk wata, sharaɗin da bai daɗe ba don manyan lauyoyi ba su ji daɗinsa ba. A 1925 aka kafa ƙungiyar masu kaɗi ta ƙasa baki ɗaya, tana raba auduga, tana sayen zare, tana buɗe kantuna. Tutar da Congress ta amince da ita a 1931 hoton carka ne a tsakiyarta.

Ba kowa ya yarda ba. Shahararren marubuci Rabindranath Tagore ya rubuta a 1925 cewa ana neman mayar da keke abin bauta, kowa na juyi babu mai tunani. Masu saye ma suna da nasu ƙorafin, domin khadin farko kaushi gare shi, ga nauyi, ga tsada fiye da na inji. Kuma gaskiyar magana, ba carka kaɗai ta durƙusar da Lancashire ba. Masana'antun Bombay da Ahmedabad, da yadin Japan, da karayar tattalin arzikin 1929 duk sun sa hannu, kuma attajirai masu injina a cikin gida sun fi tsohuwar ƙauye cin ribar ƙauracewar. Amma wace doka za ta kama macen da ke cikin kulle tana kaɗi a tsakar gidanta? Ba ta fita zanga-zanga ba, ba ta jefi kowa ba, ga shi kuwa ta shiga sahu. Gandhi ma a kurkukun Yerawada kaɗinsa yake yi da ƙaramar carka mai naɗuwa cikin akwati. Da ya je garin Darwen na Lancashire a 1931, ma'aikatan da ƙauracewar ta taɓa abincinsu tarbarsa suka yi.

Da aka sami 'yanci a 1947 aka cire carka daga tuta, aka sa da'irar Ashoka. Gwamnati ta yi dokar kafa hukumar khadi a 1956, aka kuma yaɗa carkar Ambar mai mazari da yawa don mai kaɗi ta ƙara samu. Duk da haka ladan bai taka kara ya karya ba, shi ya sa a wurare irin su Ponduru mafi yawan masu juya keken dattijai ne, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in. Shekara da shekaru tutar ƙasa sai da yadin hannu ake ɗinka ta, akasari a wata cibiya da ke Hubballi a jihar Karnataka, inda mata suka fi yawa. A ƙarshen 2021 aka gyara ƙa'idar, aka halatta tutar da inji ya yi, har da ta zaren roba.