Makaɗan Jita da Daren Asabar a Kudancin Ƙasar Amurka

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1930, da yawa daga cikin baƙaƙen fatar da ke karkarar kudancin ƙasar Amurka manoman auduga ne da ke aiki a gonakin Turawa bisa sharaɗin a raba amfanin gona bayan kaka, kuma a cikin wannan rayuwa ta bashi da gajiya ne kiɗan bulus ya samu gindin zama, wato waƙar da mutum ɗaya ke rerawa da jita a kan soyayya, tafiya, talauci da rabuwa. Daren Asabar shi ne lokacinsa, domin a ranar ake tashi daga aiki da wuri, gobe kuma Lahadi ce. Mai gida yakan fitar da kayan ɗakinsa waje, matarsa ta soya kifi don sayarwa, a kawo barasar da aka dafa a ɓoye, tun da jihar Misisipi ta haramta sayar da ita daga 1908 har zuwa 1966. Gidan da ya mayar da wannan sana'a ta dindindin shi ake kira juk, kuma masu zuwa coci da yawa suna ɗaukar abin da ake kaɗawa a cikinsa a matsayin kiɗan Shaiɗan.

Wurin da ake kiɗan shi ya tsara yadda hannu ke aiki. Babu lasifika, babu mai ganga, ga kuma hayaniyar masu rawa, saboda haka dole makaɗi ɗaya ya ɗauki nauyin ƙungiya guda. A yankin Piedmont, wanda ya ratsa jihohin Virginia, Carolina biyu da Georgia, makaɗa sun kwaikwayi ragtaim, wani salon kiɗan fiyano mai tsalle-tsalle da Scott Joplin ya shahara da shi tun 1899: babban yatsa yana kai-komo a kan tsirkiyoyi masu kauri yana riƙe da taku kamar hannun hagu na mai fiyano, yayin da manuniya, wani lokaci da ɗan tsakiya, ke fitar da amon waƙa a kan sirara, suna faɗawa tsakanin bugu da bugu. Blind Blake, wanda kamfanin Paramount ya ɗauki faya-fayansa daga 1926 zuwa 1932, ya kai wannan salo matsayin da har yau ƙwararru ke shan wuya wajen kwaikwayonsa. A kwarin Delta na Misisipi kuwa hannu ya fi nauyi, ana goga wuyan kwalba ko wuƙa a kan tsirkiya don ta yi kuka irin na muryar mutum, kuma an san Charley Patton na gonar Dockery da kaɗa jita a bayan kansa ko tsakanin ƙafafunsa don ya riƙe hankalin taro.

Da rana kuma titi ne fagen. Makafi sun yi yawa a wannan sana'a, ba don wata baiwa ta musamman ba, sai don gona da masana'anta ba su da gurbinsu, kuma kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, yaro ne ke yi musu jagora yana karɓar kuɗi. Josh White da T-Bone Walker duk ta wannan hanya suka fara. A garin Durham, Blind Boy Fuller da Gary Davis sukan zauna kusa da rumbunan gwanjon taba a lokacin da manoma ke da kuɗi a aljihu, Fuller kuwa ya riƙa amfani da jita mai jikin ƙarfe ta kamfanin National, wadda ƙararta ke rinjayar hayaniyar kasuwa. Makaɗin titi ba ya tsayawa a kan bulus kaɗai, yakan kawo waƙar coci ko ta rawa gwargwadon wanda ya tsaya a gabansa, kuma kamfanonin faifai ne suka taƙaita sunansa ga salo ɗaya.

Al'adar ta ja baya da matsin tattalin arziki na 1929, da ƙaurar jama'a zuwa biranen arewa, da zuwan jitar lantarki. Da ɗaliban jami'a fararen fata suka nemo dattawan makaɗan a shekarun 1960, irin su Mississippi John Hurt da ya hau dandamalin bikin kiɗa na Newport a 1963, sai kiɗan da aka ƙera don rawa ya koma abin da ake saurare a zaune, a yi tsit har makaɗi ya gama sannan a tafa masa.