Shirin Musamman: Abin da ke Cin Yaro a Rai



A daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina, suka kwashe ɗalibai sama da 300. A watan Fabrairun 2021 aka maimaita a Jangebe ta jihar Zamfara, sai kuma Kuriga ta jihar Kaduna a watan Maris na 2024. Duniya ta ga hotunan yaran da suka dawo, ƙafafu duk sun faffashe. Amma akwai wasu yaran da kyamara ba ta hasko ba: ƙannensu, da abokan wasansu, da dubban yaran Kano da Zariya da Maraɗi da suka ji labarin a rediyon mahaifinsu, suna gefen tabarma suna wasa da murfin kwalba kamar hankalinsu ba ya wurin. Alhali kunnensu na nan tar.

Da wuya ɗan shekara bakwai ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa. Jikinsa ne ke faɗa. Ciwon ciki kullum da safe, daidai lokacin sa kayan makaranta, ranar Asabar kuwa garau. Fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa. Firgita cikin barci, ko liƙe wa zanen uwa har bakin murhu. Wani kuma faɗa yake tsira da shi, a ce ya zama fitinanne, a ɗauko bulala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma yawan fargaba da ciwon damuwa na sahun gaba. Ba sai an ji ƙarar bindiga ba. Jarrabawa, tsangwamar 'yan aji, rigimar iyaye a ɗaki, ko zuwan sabuwar amarya, duk sun isa hana yaro barci.

A gidan Bahaushe kuwa hanyar magana na da ƙunci. Ga kunya, ga kawaici, ga uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta iya kamawa. Idan yaro ya fara hawaye, abin da ke kusa da baki shi ne "yi shiru, namiji ba ya kuka." Shirun zai yi, amma tsoron na nan inda yake.

Sai dai al'adar da ta ƙuntata wannan ƙofa ta buɗe wata, wato ɗakin kaka. Wasan jika da kaka ya halatta abin da ba a faɗa wa Baba. Tsohuwa na tsinkar zogale, jikanta na taya ta, ba ta ko kalle shi ba ta ce, "Maigida, kwana biyu ba ka cin tuwona. Ko kishiya ka yi mini?" Ya yi dariya, can kuma ya ce, "Kaka, su ma 'yan makarantar kwana a nan garin ana zuwa a ɗauke su?" To, an zo wurin. Masana tunanin yara sun daɗe da lura cewa yaro ya fi sakin baki idan hannunsa na aiki kuma ba a tsare shi da ido ba. Goggo ko kawu ko malamin Islamiyya mai sanyin hali na iya tsayawa a wannan matsayi.

Wannan dabara ce ma'aikatan jinƙai suka riƙa a Borno da Diffa, inda rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba miliyoyi da gidajensu. A sansanonin 'yan gudun hijira, UNICEF da abokan aikinta sun keɓe rumfunan wasa, ana ba yara takarda da fensir mai launi. Abin da baki ya kasa faɗa, sai ya fito a zane: gida na cin wuta, mutane na gudu. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ma ta riƙa kai masu ba da shawara har cikin unguwanni a Keke Napep, tunda mai damuwa ba kasafai yake neman asibiti da ƙafarsa ba.

Idan yaro ya yi tambaya, amsar da ta fi sauƙi ita ce "babu abin da zai faru." Amma yaron da ya ji labarai ya san yana faruwa, kuma daga ranar zai daina tambaya. Gara a ba shi gaskiya daidai shekarunsa: eh, ya faru a wuri kaza, ga abin da makarantarku ta tanada, ga wanda zai zo ɗaukarka in an tashi. A koya masa jan numfashi a hankali, yana ƙirga huɗu, ya saki yana ƙirga shida. A tofa masa addu'ar barci da ya saba ji. Lokacin abinci da na kwanciya kada su riƙa canzawa. Bidiyon gawarwaki da ke yawo a WhatsApp kuwa, babba ma bai kamata ya buɗe shi a tsakar gida ba.

Idan makonni suka shuɗe yaro ba ya ci, ba ya barci, ya daina wasa, ko ya fara zancen mutuwa, lamarin ya wuce na ɗakin kaka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, kuma ana iya farawa daga asibitin unguwa a karɓi takardar turawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa mai irin wannan lalura wariya.