Zanen da ya yaudari tsuntsaye: anya har yanzu gani ya kori ji?

Ka taɓa miƙa hannu za ka ɗauki abu, sai ka tarar ashe hoto ne? To kwantar da hankalinka, an yaudari waɗanda suka fi ka iya kallo. Marubucin tsohuwar daular Rum, Pliny Babba, ya ba da labarin gasar wasu masu zane biyu na Girka, Zeuxis da Parrhasius. Zeuxis ya zana inabi, har tsuntsaye suka sauko za su ci. Yana ta fankama, ya ce wa abokin karawarsa ya yaye labulen da ya rufe nasa zanen a gani. Ashe labulen ne zanen! Nan take ya sallama: shi tsuntsaye ya ruɗa, wancan kuwa ya ruɗi mai zane ɗan uwansa.

Faransawa na kiran wannan salo trompe-l'oeil, wato yaudarar ido. Dabarar ita ce a zana abu daidai girmansa na gaske, a sa shi kamar yana dab da kai, a ba shi inuwa inda ido ke sa ran ganinta. Wajen 1670, Cornelis Gijsbrechts ya zana bayan allon zane, da katakonsa da ƙusoshinsa, ta yadda za ka so ka juya shi ka ga gaban. Yana birnin Kopenhagen har yau. A Amurka kuma, William Harnett ya ƙware wajen zana takardar dala har jami'an tsaro suka tuhume shi a 1886 kan dokar jabun kuɗi.

Amma fa ba burgewa kaɗai ake nema ba. A ƙarni na 17, lokacin da fatauci ya cika Holan da dukiya, masu zanen ƙasar sun mayar da kayan gida wa'azi. Dubi zanen Pieter Claesz na 1630 da ke gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Heg: ƙoƙon kan mutum a bisa littattafai, kofin gilashi a kwance, agogo, alƙalami, da fitilar da ta mutu. Agogon na cewa lokaci na tafiya, fitilar na cewa rai ɗan lokaci ne, littattafan kuma na nuna ko ilimi ba ya hana kabari. Ana kiran irin wannan vanitas, kalmar Latin mai nufin wofi. Mu dai cewa muke yi duniya budurwar wawa.

Yanzu buɗe wayarka. Makullin mota a gefen faranti, damin kuɗi a kan gado, agogo mai ƙyalli a wuyan hannu. Ai su ma jeren kaya ne da aka tsara don su yi magana, sai dai saƙon ya juya: wancan na cewa komai mai ƙarewa ne, wannan na cewa kai ne aka bari a baya. Mai zanen da burinsa ka gano dabarar ka yi dariya. Mai ɗora hoton motar aro kuwa addu'a yake kada ka gano.

Don haka kafin hoton wani ya hana ka barci, ko ya sa ka tura kuɗin makarantarka ga mai alkawarin ninka maka su, tsaya ka tambayi kanka: wa ya jera kayan nan, me kuma yake so in ji a raina? Zeuxis gasa kawai ya rasa. Kai abin da za ka rasa ya fi haka.