Babi na Tara: Farasitamol, Maganin da Ke Son Lissafi

A karkarar da ke arewa da birnin Kano, daga Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi, Bagwai, Makoɗa da Ɗambatta, gona na jingine da gona, gari na hango gari. Ƙasar ba ta hutawa, haka ma masu nomanta. Da rani a kai taki, da saukar ruwa a yi shuka, a yi noman fari da maimai, da kaka a yi girbi da sussuka, sannan masu noman rani su koma bakin madatsun ruwa na Thomas da Watari. Jikin da ke wannan aiki dole ya yi ciwo, ga damina kuma tana zuwa da sauronta. Shi ya sa da wuya a shiga gida a rasa katin farasitamol, ko a aljihun maigida ko a cikin kwallar uwargida. Mutane da yawa fanadol suke ce masa.

Magani ne mai kyau, mai araha, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai sabo ya sa an raina shi, ana watsa shi baki ba tare da ƙirga ba. Amfaninsa da illarsa kuwa duk a kan lissafi suke: nawa aka sha, awa nawa aka bari tsakani, kuma kwana nawa aka yi ana sha.

Asalinsa da aikinsa

Wani masanin sinadarai ɗan Amurka mai suna Harmon Northrop Morse ne ya fara haɗa shi a ƙarshen shekarun 1870, amma ya daɗe bai shiga kasuwa sosai ba. A 1955 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Tylenol, a 1956 kuma ya fito a Ingila da sunan Panadol. Yau kamfanonin cikin gida irin su Emzor da May & Baker suna yin sa a Najeriya.

Aikinsa biyu ne: rage raɗaɗin ciwo da sauke zafin jiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke daidaita ɗumin jiki. Idan cuta ta shiga, jiki kan saki wasu sinadarai da ke sa wurin nan ya ɗaga ɗumin sama, sai a ji zazzaɓi. Farasitamol yana rage waɗannan sinadarai. Yakan fara aiki cikin rabin awa zuwa awa guda, ya yi awa huɗu zuwa shida kafin ƙarfinsa ya sauka.

Iyakarsa ke nan. Ba ya kashe ƙwayar maleriya, ba ya taɓa taifod, ba ya ƙara jini, ba ya sa kuzari. Wanda ya sha shi da asuba don kada ya gaji a gona bai tare gajiya ba, hantarsa kawai ya ba aiki.

Lissafin manya

Ƙwayar da aka saba gani tana ɗauke da miligiram 500. Babban mutum mai lafiya zai sha ɗaya ko biyu a lokaci guda. Kada ya sake sha sai bayan aƙalla awa huɗu, in ya bari shida ma ya fi. Kada ya wuce sau huɗu a awa 24, wato ƙwaya takwas ko miligiram 4,000. Wannan iyaka ce da ba a ƙetarewa, ba adadin da ake son kowa ya cika ba. Shan uku ko huɗu a lokaci guda ba ya ƙara saurin sauƙi, haɗari kawai yake ƙarawa.

Akwai waɗanda takwas ɗin ma ta yi musu yawa: wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, tsoho mai rauni, wanda rashin lafiya ta hana shi cin abinci kwana da kwanaki, mai shan giya, mai ciwon ƙoda, da mai ciwon hanta, ciwon da kuma ya yawaita a ƙasar nan, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Irin waɗannan sai su nemi ma'aikacin lafiya ya yanka musu adadi.

Mai azumi ma ya lura. Daga buɗa-baki zuwa sahur awa goma ne ko sama da haka kaɗan, don haka sha biyu ne, ko uku in an raba su da kyau. Ba a ninka na sahur don ya biya na rana. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa, farasitamol ne likitoci suka fi amince musu da shi, amma mafi ƙarancin da zai yi aiki, na ɗan lokaci, kuma mai ciki da ta yi zazzaɓi ta je a gwada ta.

Wanda ke ɓoye a wasu magunguna

Yawancin masu zarce iyaka ba da gangan suke yi ba. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip suna ɗauke da farasitamol. Haka Panadol Extra, da wasu magungunan ciwon jiki da ake haɗa shi da ibufurofen. Sunan da ke kan kwali daban, amma abin da ke ciki ɗaya ne.

A ɗauki misalin manomi lokacin girbin gero, ga mura ga ciwon baya. Da asuba ya sha farasitamol biyu. Da hantsi ya ƙara biyu, ya ɗora maganin mura ɗaya. Da azahar ya biya ta kemis ya ce, "Malam, a haɗa mini na gajiya." Aka ɓare ƙwayoyi huɗu ko biyar, fara da ja da rawaya, aka ƙulle masa a leda, babu suna babu kwali, cikinsu kuwa akwai farasitamol ɗaya. Da la'asar ya sha biyu, da zai kwanta ya sha biyu da wani maganin murar. A nasa lissafin takwas ya sha. A lissafin gaskiya goma sha ɗaya ne, miligiram 5,500. In ya yi kwana uku ko huɗu a haka, ga rana, ga ƙarancin abinci, zai iya taɓa hantarsa.

Maganin wannan shi ne tambaya. Duk abin da za a saya na mura ko na ciwon jiki, a tambayi mai kemis ko akwai farasitamol a ciki, ko a ba ɗan makaranta ya duba kwalin. Haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa, barinsa ya fi alheri. Sau da yawa akan jefa dikulofenak ko asfirin a ciki, waɗanda ke tayar da gyambon ciki. Asfirin ma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Wani abin da ba a cika sani ba: wanda ke shan maganin ciwon kai fiye da rabin kwanakin wata, maganin da kansa na iya zama shi ke dawo masa da ciwon kan.

Lissafin yara

Yaro da nauyinsa ake auna masa: miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba. Na ruwan da aka fi sayarwa yana da miligiram 120 ko 125 a cikin mil 5. Saboda haka yaro mai kilo 8 zuwa 11 zai sha mil 5, mai kilo 12 zuwa 15 ya sha mil 7 da rabi, mai kilo 16 zuwa 20 ya sha mil 10. Nauyi ya fi shekaru tabbas, domin yaron da tamowa ta taɓa zai iya cika shekara uku da nauyin ɗan shekara ɗaya da rabi. Katin awon yara na asibiti yana nuna nauyin baya-bayan nan, a riƙa tafiya da shi kemis.

A nan akwai tarko guda. Ana sayar da wata ƙaramar kwalba ta jarirai, wadda ake ɗigawa a baki. Ƙanƙantarta na sa a ɗauka ta fi sauƙi, alhali a mil ɗaya kacal tana da miligiram 100, wato ta ninka na babbar kwalba wajen sau huɗu. Uwar da ta cika murfin mil 5 da wannan ta ba jinjirinta ƙwayar babban mutum sukutum. Don haka duk sabuwar kwalba a duba ƙarfinta, kuma a auna da murfin awo ko sirinjin da ya zo da ita. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya ninka wani.

A gidan yawa, inda uwa da kaka da kishiya da yaya duk ke jinyar yaro guda, yakan faru wannan ta ba shi, can an jima waccan ta ƙara. A bar wa mutum ɗaya ragamar maganin, ya riƙa lura da lokaci, ko da da lokutan salla ne: in an ba shi da asuba, sai azahar, sai magariba. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, in jikinsa ya yi zafi, asibiti ake nufa kai tsaye.

Abin da ke faruwa a hanta

Duk farasitamol da aka sha ta hanta yake bi. Mafi yawansa tana sarrafa shi ya fita ta fitsari. Ɗan kaɗan daga ciki yakan rikiɗe ya zama guba, amma hanta tana da wani sinadari mai suna gulutatayon da ke kama gubar ya kashe ta. Kamar rariyar gida ne: ruwan wanke-wanke tana fitar da shi, amma ranar da aka yi mamako sai ya fi ƙarfinta ya ci gindin katanga. Idan maganin ya yi yawa, gulutatayon sai ya ƙare, gubar ta shiga cin hantar. Yunwa da doguwar jinya suna rage shi tun kafin a sha komai.

Mugun abin shi ne a rana ta farko mutum ba ya jin komai, in ya ji ma tashin zuciya ne da amai. Rana ta biyu zuwa ta uku sai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga nan ido ya yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya soma gushewa. Sau da yawa a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe, lokaci na tafiya. A Amurka da Ingila farasitamol ne kan gaba wajen haddasa lalacewar hanta farat ɗaya, shi ya sa tun 1998 Ingila ta taƙaita kwalin da ake sayarwa a kanti zuwa ƙwaya 16.

Zazzaɓi alama ce

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, babban abin da ke sa yara zazzaɓi a wannan yanki shi ne maleriya. Farasitamol zai sauke zafin, yaro ya tashi ya yi wasa, iyaye su ce ya samu sauƙi, ƙwayar cutar kuwa tana can tana fasa jini. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin yatsa bai wuce minti 20 ba, kuma ana yin sa har a asibitin sha-ka-tafi. In ya nuna akwai, a fara maganin a ranar, a kuma shanye shi duka. Farasitamol rakiya kawai yake yi, tare da rage wa yaro kaya, da yawaita nono da ruwa.

Akwai alamomin da ba a jira da su: yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da komai, ya yi taune-taune, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya yi baƙi. Da bazara kuma, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya na iya zama sanƙarau, wanda Kano ta ga ɓarnarsa a 1996. Babba ma in ya yi kwana uku yana sha zazzaɓi bai tafi ba, ya daina ƙari ya je a duba shi.

Ingancin maganin kansa

A 1990 yara fiye da ɗari suka rasu a Najeriya, musamman a Jos da Ibadan, bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayitilin gilaikol, sinadarin da ake sawa a man birki, wanda ke kashe ƙoda. Wannan masifa na cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 abin ya sake faruwa da wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, inda yara 84 suka rasu, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Ba farasitamol ɗin ne ya kashe su ba, gurɓataccen haɗi ne.

Saboda haka a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a tabbata hatimin kwalba bai karye ba. A saya a kemis mai rajista, a guji na tire da ke yini cikin rana a kasuwannin ƙauye. Yaron da ya sha maganin ruwa sannan fitsarinsa ya ɗauke, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. A gida kuma a ajiye magani a inuwa, a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin zaƙin na ruwan yana jan su. Masu jefa ƙwayar a tukunya don nama ko ganda ya yi saurin laushi su sani suna ɗura wa jama'a magani ba awo.

Idan an sha fiye da ƙima

A tafi asibiti nan take, ko da mutum yana cewa lafiyarsa ƙalau. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai, ba sa fitar da gubar, kuma yana iya shaƙewa. A ɗauki katin ko kwalbar, a faɗa wa likita lokacin da aka sha da yawan abin da aka sha, ba tare da ɓoyewa don kunya ko tsoron faɗa ba. Akwai makarinsa, sunansa asetilsistin, kuma ya fi aiki in an fara shi cikin awa takwas. Ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba, don haka a nufi babba, kamar na Bichi ko Ɗambatta, inda za su iya turawa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga yawancin garuruwan nan zuwa birni tafiyar awa ɗaya ce ko biyu. Awa takwas ta isa, muddin ba a ɓata ta wajen jiran alama ba.