2.4 Kufan Gidaje Masu Gwalalo a Ingila da Dokar Kiyaye Su

A wannan kashi za a dubi wani nau'in kufai da ake samu a Ingila, wato gidajen iyayen ƙasa da aka kewaye da gwalalo. Abin da ake nufi da gwalalo a nan shi ne faffaɗan rami, galibi cike da ruwa, wanda ya zagaye fili ya mayar da shi tamkar tsibiri, a kansa kuma aka gina gida, wani lokaci har da rumbuna ko ɗakin ibada. Masana sun ƙiyasta akwai irin waɗannan wurare kimanin 6,000, akasari a tsakiya da gabashin ƙasar, kuma an fi haƙa su tsakanin 1250 da 1350.

Bahaushe in ya ji gwalalo, yaƙi yake tunawa, domin na bayan ganuwar birni don tare mahara aka yi shi. Na waɗannan gidaje kuwa, yawancinsu nuna isa ne da arzikin mai gida, ba za su hana runduna ƙetarewa ba. Kaɗan daga ciki suna tsaye har yau, alal misali Ightham Mote a yankin Kent, wanda aka fara ginawa a ƙarni na 14. Sauran sun rushe, sai ramin.

A ganin mai wannan nazari, darajar kufan tana cikin ramin nan. Lakar da ke ƙasan ruwa ba ta barin iska ta shiga, saboda haka itace da fata da ƙwayar hatsi ba sa ruɓewa, sai masu haƙo kayan tarihi su gano abin da mutanen gidan suka ci da abin da suka noma. Da zarar ramin ya ƙafe, shaidar ta tafi.

Dokar farko ta kiyaye kufai a ƙasar ta fito a 1882, amma wadda ake aiki da ita yanzu a Ingila ita ce ta 1979. Duk wurin da aka shigar cikin rajista, laifi ne a haƙa shi ko a cike shi ba da izinin gwamnati ba, ko da kuwa mai gonar ne. Sai dai dokar ta bar ƙofa: manomin da ya saba huɗa a wurin yana iya ci gaba, muddin bai ƙara zurfin garma ba. Ƙasa kuwa tana zaizayewa kowace shekara, don haka garmar da ba ta ƙara zurfi ba a hankali take isa ga harsashin ginin da ke binne.