Gidajen Gyaran Hali: Wa Ya Ba Su Izini?

Daga Gumbihini har sauran unguwannin Tamale, maganar ƙwaya ta daɗe tana hana iyaye barci. Tiramol ya addabi matasa a 2017 da 2018, sannan a 2025 gidan BBC ya nuna yadda wasu ƙwayoyi daga Indiya suka cika garin. Idan yaro ya kamu, abu na farko da iyaye ke tambaya shi ne, ina za a kai shi?

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku ne, wato na Ankara da Pantang da Ankaful, kuma duka a kudu suke. Saboda nisa da tsada, sai iyaye su miƙa 'ya'yansu ga gidan malami ko sansanin addu'a. Wasu gidajen suna ƙoƙari, amma wasu mari da bulala ne maganinsu. Kowa ya ji abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300, da yawa cikinsu a ɗaure.

To, Gana tana da doka. Dokar 2011 mai lamba 829 ta kafa hukumar HeFRA, wadda ke ba wuraren jiyya lasisi. Dokar 2012 mai lamba 846 ta kafa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta kuma sa masu maganin gargajiya da masu addu'a ƙarƙashin sa idonta. A 2017 hukumar ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa. Ita kuwa dokar 2020 mai lamba 1019 ta ɗauki shaye-shaye a matsayin ciwo, ta sa tara maimakon kurkuku ga wanda aka kama da ɗan abin shansa.

Saboda haka 'yan'uwa, kafin a bar yaro a kowane gida, a nemi ganin takardar rajista. A tambaya ko likita ko nas na zuwa, domin yanke tiramol kwatsam yana jigata jiki. A duba wurin kwana da abinci. In sun ce babu ziyara, ko kuwa an ga sarƙa, a juya da yaron, a nufi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tamale. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.